Daga Allurar Kamfas zuwa Duwatsun Arlit: Tarihin Tsagewar Ƙwayar Zarra

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya buɗe littafin kimiyyar fiziks na sakandare zai tarar da babi huɗu a jere: babin ƙarfi da motsi, babin maganaɗisu, babin wutar lantarki, sannan can kusa da bangon baya babin nukiliya, wanda sau da yawa shekara kan ƙare malam bai kai gare shi ba. Ɗalibi yakan haddace ƙa'idar kowane babi daban, ya warware lissafinsa, ya rufe littafi, kamar babu abin da ya haɗa su. Tarihi kuwa ya nuna igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Lokacin da aka fara gane cewa cibiyar ƙwayar zarra tana iya tsagewa gida biyu, a ƙarshen shekarar 1938, ƙa'idar da ta warware matsalar daga babin wutar lantarki aka ɗauko ta, kuma a lokacin ta haura shekara 150 da kafuwa. Wannan darasi zai bi sawun igiyar tun daga bakinta har zuwa inda ta ɓulla a hamadar arewacin Nijar.

Ƙa'idoji biyu na tushe

A shekarar 1687 Isaac Newton, mutumin Ingila, ya wallafa littafinsa na ƙa'idojin motsi. Daga cikinsa ne aka samo abin da ake rubutawa a allo yau, F = ma, wato ƙarfin da ya auka wa abu daidai yake da nauyin abin sau ƙaruwar gudunsa. Ma'anar a sarari take: abu ba ya sake gudu ko alkibla sai wani ƙarfi ya taɓa shi. Newton ya kuma nuna cewa ƙarfi yana aiki ko da babu taɓawa, kamar yadda ƙasa take janyo ƙwallon mangwaro kuma take riƙe da wata.

Kusan shekara ɗari bayan haka, a 1785, wani injiniyan sojan Faransa mai suna Charles Coulomb ya auna ƙarfin da ke tsakanin abubuwa biyu masu ɗauke da cajin lantarki. Ya rataye siririn sanda da zare, ya sa ƙaramin ƙwallo a bakinsa, ya kawo wani ƙwallon kusa, ya riƙa duba yadda zaren ke murɗewa. Ya gano cewa caji iri ɗaya suna ture juna, mabambanta suna janyo juna, kuma ƙarfin yana bin tazara ta wata hanya ta musamman: in aka rage tazarar zuwa rabi, ƙarfin ya ninka sau huɗu, in aka rage ta zuwa kashi ɗaya bisa goma, ya ninka sau ɗari. Mai karatu ya riƙe wannan ƙa'ida da kyau, domin za mu sake gamuwa da ita a cikin dusar ƙanƙarar Suwidin.

Ranar da allura ta motsa

Har zuwa farkon ƙarni na 19, masana suna ɗaukar maganaɗisu da lantarki abubuwa biyu ne da babu dangantaka tsakaninsu. Matuƙan jirgin ruwa sun daɗe suna amfani da allurar kamfas, lantarki kuwa bai wuce tartsatsin da ke fita in an goga gilashi da siliki ba. A 1800 Alessandro Volta na Italiya ya jera faifan ƙarfe iri biyu, ya raba su da takarda jiƙaƙƙiya da ruwan gishiri, ya samar da batir na farko. Daga nan aka sami wutar da ke gudana a waya ba yankewa.

A 1820, a birnin Kwapanhagan na ƙasar Danmak, Hans Christian Oersted ya lura cewa in ya saki wuta cikin waya, allurar kamfas da ke kusa takan juya. Wannan ɗan motsi ya tabbatar da cewa wutar da ke gudu tana haifar da maganaɗisu. Nan da nan sai tambaya ta biyo baya: to, shin maganaɗisu ma yana iya haifar da wuta?

Wanda ya amsa shi ne Michael Faraday, ɗan maƙeri, wanda ya taso yana koyon ɗinkin littattafai a Landan, kuma a nan ya karanta littattafan da aka kawo a ɗinka. Ranar 29 ga Agusta 1831 ya nannaɗe waya biyu a kan zoben ƙarfe, ya haɗa ɗaya da batir, ɗayar da ma'auni mai allura. Allurar ba ta motsawa sai a daidai lokacin da ya kunna ko ya kashe. Cikin ƴan watanni ya fahimci sirrin: canjin maganaɗisu ne ke tura wuta cikin waya. Maganaɗisun da ke zaune wuri ɗaya ba ya ba da komai, sai an motsa shi. Kowane janareto da ke duniya yau, daga ƙaramin da ke ƙugi a bayan shago har zuwa manyan injunan madatsar Kainji, a kan wannan ƙa'ida yake aiki. Abin da ya rage kawai shi ne a samo ƙarfin da zai riƙa juya maganaɗisun.

Shiga cikin zarra

Sinadarin yuraniyom ya daɗe a hannun masana kafin a san darajarsa. Martin Klaproth ne ya gano shi a Barlin a 1789, kuma shekaru da dama babban amfaninsa shi ne rina gilashi da tangaran. A 1896 Henri Becquerel ya ajiye gishirin yuraniyom a kan farantin ɗaukar hoto da ke naɗe cikin baƙar takarda a Paris, sai ya tarar farantin ya yi tabo ba tare da hasken rana ya taɓa shi ba. Wani haske marar ganuwa yana fita daga cikin sinadarin da kansa. Marie Curie da mijinta Pierre suka bi diddigin abin, suka gano wasu sinadarai biyu, foloniyom da radiyom, a 1898.

Daga nan aka shiga warware ƙwayar zarra ɓawo bayan ɓawo. J. J. Thomson ya gano elektiron a 1897. A 1911 Ernest Rutherford, a Mancesta, ya bayyana cewa kusan duk nauyin zarra yana dunƙule ne a wata ƴar cibiya da ke tsakiya, mai cajin ƙari, sauran kuwa fili ne da elektiron ke kewayawa. Daga baya aka san cewa cajin cibiyar yana zuwa ne daga ƙwayoyin da ake kira furoton, kuma yawansu ne ke bambanta sinadari da sinadari: haidirojin yana da ɗaya, ƙarfe 26, bariyom 56, yuraniyom 92. A 1932 James Chadwick ya gano abokin zaman furoton a cikin cibiya, wato nutiron, wanda ba shi da caji ko kaɗan.

A nan ɗalibi mai lura zai yi tambaya. Tun da Coulomb ya ce caji iri ɗaya suna ture juna, kuma turin yana tsananta in tazara ta ragu, me ya hana furoton 92 da ke cunkushe wuri ɗaya su tarwatse? Amsar ita ce akwai wani ƙarfi na daban, ƙarfin nukiliya, mai ɗaure furoton da nutiron. Yana da tsanani ƙwarai, amma hannunsa gajere ne, ba ya kama sai maƙwabcin da ke jikinsa, alhali turin lantarki yana kaiwa daga wannan gefen cibiya zuwa wancan. Saboda haka duk lokacin da cibiya ta ƙara girma, turi yana ƙara rinjayar ɗauri. Cibiyar yuraniyom tana can bakin iyaka, kamar tulun da aka cika fal aka ɗora a kan gammo karkatacce.

Abin da aka gani ba a gane ba

Da yake nutiron ba shi da caji, cibiya ba ta iya ture shi, don haka ya zama harsashin da ya dace. A 1934 Enrico Fermi da abokan aikinsa a birnin Rum suka shiga harba nutiron kan sinadarai ɗaya bayan ɗaya. Da suka iso kan yuraniyom sai suka sami wasu abubuwa da suka kasa tantancewa, suka zaci sababbin sinadarai ne da suka fi yuraniyom nauyi. A wannan shekarar wata masaniyar sinadarai Bajamushiya, Ida Noddack, ta rubuta cewa mai yiwuwa cibiyar ce ta fashe zuwa manyan gutsattsari. Babu wanda ya kula da maganarta, domin duk abin da aka sani a lokacin shi ne cibiya takan zubar da ɗan ƙaramin ɓarɓashi kawai. Haka aka shafe shekara huɗu ana tsaga zarra a ɗakunan gwaji na Rum da Paris da Barlin, masu yi ba su san abin da suke yi ba.

A Barlin mutum uku ne ke kan aikin: Otto Hahn da Fritz Strassmann, masana sinadarai, da Lise Meitner, masaniyar fiziks. An haifi Meitner a Biyana ta ƙasar Ostiriya a 1878. Ta fara aiki da Hahn tun 1907, a wani ɗakin kafinta da ke ƙarƙashin gini, domin a lokacin ba a yarda mata su hau ɗakunan gwaji na sama ba. Asalin iyayenta Yahudawa ne, kuma takardar zama ɗan ƙasar Ostiriya ce ta kare ta daga dokokin wariya na gwamnatin Hitila. A watan Maris 1938 Jamus ta haɗiye Ostiriya, kariyar ta faɗi. A watan Yuli, tana da shekara 59, ta tsere ta jirgin ƙasa zuwa Holan da ɗan abin da hannu zai ɗauka, Hahn ya ba ta zoben mahaifiyarsa ko za ta buƙaci abin sayarwa a hanya. Da ƙyar na sha ya fi da ƙyar aka kama ni. Daga can ta wuce Suwidin, ta bar aikin shekara talatin a baya.

Wasiƙar Disamba

Hahn da Strassmann suka ci gaba, suna aika mata da sakamako ta wasiƙa. Sun zaci abin da suke samu radiyom ne, mai furoton 88, wanda bai yi nisa da yuraniyom ba. Radiyom da bariyom ƴan gida ɗaya ne a ɗabi'a, saboda haka sukan zuba bariyom domin ya kwaso radiyom ɗin, daga baya su raba su. Wannan karon duk dabarar da suka yi rabuwa ta ƙi. Ranar 19 ga Disamba 1938 Hahn ya rubuta wa Meitner cewa abin da suke kira radiyom yana nuna halin bariyom sak, ya roƙe ta ta nemo bayani, domin shi a iya saninsa yuraniyom ba zai iya fashewa ya zama bariyom ba.

Meitner ta tafi hutun ƙarshen shekara a ƙauyen Kungälv da ke yammacin Suwidin, inda ɗan ƴar'uwarta Otto Frisch, shi ma masanin fiziks, ya same ta. Suka fita yawo cikin dusar ƙanƙara suna muhawara, har suka zauna a kan wani kututture suka fara lissafi a kan guntayen takarda. Sun ɗauki shawarar Niels Bohr cewa cibiya tana kama da ɗigon ruwa. In nutiron ya shige ta sai ta yi rawa, ta miƙe, ta yi ƙugu a tsakiya. Da zarar gefe biyun sun ɗan yi nisa, ƙarfin nukiliya mai gajeren hannu ya saki, turin Coulomb ya karɓi ragama. Lissafin farko na ɗan firamare ne: 92 a ɗebe 56 saura 36, wato in gutsure ɗaya bariyom ne, ɗayan kirifton ne. Na biyu shi ne na Coulomb: caji mai yawa haka a gefe biyu, a tazarar da ta yi ƙanƙanta haka, zai watsa gutsattsarin da makamashin da ya kai kimanin MeV 200. A gwada da ƙonewar ƙwayar gawayi ɗaya, wadda ba ta wuce eV huɗu ba. Bambancin ya kai ninki miliyan hamsin.

Saura tambaya ɗaya: daga ina wannan makamashi ya fito? Meitner ta san nauyin cibiyoyi da ka. Ta lissafa cewa gutsattsarin biyu in an haɗa su ba su kai nauyin cibiyar asali ba, akwai giɓin kimanin kashi ɗaya bisa biyar na nauyin furoton. Ta sa wannan giɓi cikin ƙa'idar da Albert Einstein ya fitar a 1905, E = mc², sai amsa ta fito kusan MeV 200. Hanya biyu mabambanta sun kai gida ɗaya, kuma wannan ne ya gamsar da su. Rahoton Hahn da Strassmann ya fito ranar 6 ga Janairu 1939, babu sunan Meitner a kai. Frisch ya tabbatar da abin ta gwaji a Kwapanhagan cikin watan, bayaninsu shi da Meitner ya fito ranar 11 ga Fabrairu. Lambar Nobel ta kimiyyar sinadarai ta shekarar 1944 Hahn kaɗai aka ba. Aikinsa ya cancanci yabo, amma masana tarihi da yawa suna ganin an tauye Meitner. An gayyace ta aikin ƙera bam a Amurka, ta ƙi. A 1997 aka raɗa wa sinadari na 109 sunanta.

Lissafin giram ɗaya

Ɗalibi yana iya maimaita lissafin da kansa. Giram 235 na yuraniyom-235 yana ɗauke da ƙwayoyin zarra 6.02 × 10²³, saboda haka giram ɗaya yana da kimanin 2.56 × 10²¹. Kowace tsagewa tana ba da MeV 200, wato jul 3.2 × 10⁻¹¹. In aka ninka su za a sami kimanin jul 8.2 × 10¹⁰, daidai da zafin kilowat-awa kusan 23,000, ko abin da za a samu in an ƙone kusan tan uku na kwal. Wannan lamba ita ce ta tayar da hankalin gwamnatoci.

Daga Katanga zuwa Hiroshima

Cikin 1939 Frédéric Joliot da abokansa a Paris suka nuna cewa kowace tsagewa tana sakin wasu nutiron, biyu ko uku, waɗanda za su iya tsaga wasu cibiyoyin. Ɗaya ta haifi biyu, biyu su haifi huɗu. Bayan zagaye kamar 80 an cinye kusan rabin kilo, cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa miliyan na sakan. Bohr ya gano cewa nau'in yuraniyom-235 ne mai saurin tsagewa, kuma shi kashi 0.7 cikin ɗari ne kawai na yuraniyom da ake haƙowa. Ranar 2 ga Agusta 1939 Einstein ya sa hannu a wasiƙar da Leo Szilard ya tsara zuwa ga shugaban Amurka Roosevelt, tana gargaɗin yiwuwar sabon bam, kuma ta ambaci Kwango, wadda Beljiyam ke mulka, a matsayin babbar matattarar ma'adinin. Wata ɗaya bayan haka yaƙin duniya na biyu ya ɓarke.

Mahaƙar Shinkolobwe da ke lardin Katanga tana da dutsen da babu irinsa, wani ya fi rabi yuraniyom. A 1940 shugaban kamfanin Beljiyam mai haƙar, Edgar Sengier, ya tura kimanin tan 1,200 zuwa Niyok, inda sojan Amurka suka saye shi a 1942. Ranar 2 ga Disamba 1942, a ƙarƙashin wani filin wasa na jami'ar Shikago, Fermi ya tayar da murhun nukiliya na farko, tulin tubalan garafait da yuraniyom, da sandunan kadmiyom masu shanye nutiron domin riƙe linzamin wutar. Ranar 6 ga Agusta 1945 aka jefa bam a Hiroshima. Yana ɗauke da yuraniyom kilo 64, abin da ya tsage bai kai kilo ɗaya ba, nauyin da ya rikiɗe ya zama makamashi kuwa bai cika giram ɗaya ba. An ƙiyasta cewa kafin ƙarshen shekarar mutum kusan 140,000 sun mutu a birnin. Tsakanin zaman kan kututture da wannan rana shekara bakwai ba ta cika ba.

Tukunya, farfela da Arlit

Bambancin bam da tashar lantarki yana ga adadin nutiron da aka bari su ci gaba. In daga kowace tsagewa ɗaya tak aka bari ya haifar da wata, wutar za ta ci a hankali. Zafin ya tafasa ruwa, tururi ya juya farfela, farfela ta juya maganaɗisu cikin naɗin waya. Ashe tashar nukiliya babbar tukunya ce da aka ɗaura wa janareton Faraday, kuma babi huɗun nan duka suna aiki a cikin gini ɗaya. Tarayyar Sobiyet ta fara ba da wuta ta wannan hanya a Obninsk a 1954, Ingila ta biyo a 1956.

Faransa ta kafa hukumarta ta makamashin nukiliya a 1945, ta shiga neman ma'adinin a ƙasashen da take mulka. A 1957 masu binciken ƙasa suka ci karo da yuraniyom a Azelik, a yankin Agadas, suna cikin neman jan ƙarfe. An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, ya fara fitar da ma'adini a Arlit a 1971. COMINAK ya biyo baya da ramin ƙarƙashin ƙasa a Akuta a 1978, aka rufe shi a watan Maris 2021. Dutsen nan bai kai na Katanga ba, kilo kaɗan ake samu cikin kowane tan. Akan niƙa shi, a tace, a mai da shi gari rawaya, a ɗura a ganguna, a da, shekara da shekaru an riƙa bi da shi ta tashar ruwan Kwatano zuwa Faransa. A can ne aka riƙa sarrafa shi, a ƙara yawan nau'in 235 zuwa kashi uku ko biyar cikin ɗari, a ƙera sandunan da ake sa wa murhu.

Bayan tashin farashin man fetur na 1973, Faransa ta duƙufa gina tashoshi, har ta kai kusan kashi biyu bisa uku na wutarta daga nukiliya take fitowa. A daidai lokacin shugaba Diori Hamani ya nemi a sake duba farashin yuraniyom. Ana cikin tattaunawa sojoji suka kifar da gwamnatinsa ranar 15 ga Afrilu 1974, ƙasa tana fama da fari da yunwa. Su kansu mahaƙun Arlit da wutar kwal ta kamfanin SONICHAR da ke kusa da Cirozerin suke aiki. Birnin Yamai ya daɗe yana dogaro da wutar da ke zuwa daga Nijeriya ta layin Birnin Kabi, abin da kowa ya ji a jikinsa sa'ad da aka yanke ta a watan Agusta 2023. Har yau kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke samun lantarki a Nijar, kuma a gefen Arlit an bar tsaunukan ɓaraguzai na miliyoyin tan, waɗanda mazauna garin suka daɗe suna kuka da ƙurarsu.

Kammalawa

Hausawa na cewa rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Dutsen Arlit ya yi miliyoyin shekaru a ƙarƙashin sawun raƙuma, bai zama dukiya ba sai da Coulomb ya auna murɗewar zare, Faraday ya motsa maganaɗisu, Meitner ta ɗebe 56 daga 92. Mafi yawan ribar ma'adinin tana can wajen waɗanda suka iya tacewa da ƙera murhu da juya farfela, kuma duk wannan gwaninta daga ƙa'idojin da ke cikin littafin sakandare ta tsiro. Saboda haka ɗalibin da ke zaune a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, yana fama da lissafin caji biyu da tazarar da ke tsakaninsu a hasken fitilar batir, ya sani cewa lissafin nan da yake yi shi ne wanda aka yi a Kungälv. Ya warware shi da hannunsa har ya gane dalilin kowane mataki, sannan ya juya zuwa babin ƙarshe, ko da malam bai kai can ba.